Tambayoyi da amsoshi kan mallakar a-kori-kura mai ja da taya huɗu da tuƙa ta a daji

Masu sayen a-kori-kura mai ja da taya huɗu tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne, sai dai yawanci ba a yin su sai mota ta riga ta kafe. Ga waɗanda aka fi yi da amsoshinsu. Duk inda aka ambaci adadi, littafin da ya zo da motarka shi ne alƙali, domin kowace ƙira da nata.

Me ya raba ta da sauran motoci ban da tsayi?

Ƙaramar mota bodinta shi ne ƙashinta. Ita kuwa wannan an ɗora bodinta ne a kan shasi, wato dogayen ƙarafa biyu da ke ɗauke da inji da giyabos da aksul. Shi ya sa take jure murɗewa a kan gargada, take kuma ɗaukar lodi. A bayan giyabos akwai wani ƙaramin giyabos na biyu, aikinsa raba ƙarfin inji tsakanin farfelar gaba da ta baya, wato sandunan ƙarfe da ke kai juyin zuwa aksul. Wannan ƙaramin akwati shi ne dukan sirrin. Idan babu shi, komai girman taya da kyan fenti, motar da taya biyu take ja.

Dabarar ta girma ne a fagen yaƙi. Jeep ɗin Willys ta sojojin Amurka ta fito a 1941, bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu kuma kamfanin Dodge ya kawo Power Wagon kasuwa a 1946 don manoma da masu aikin daji. Land Rover ta biyo baya a Ingila a 1948.

Mene ne 2H da 4H da 4L da nake gani kusa da giya?

A 2H tayoyin baya kaɗai ke tura mota, kuma nan ne wurin zamanka a kan kwalta. A 4H an haɗa gaba da baya, gudu bai canja ba; wannan na burji ne da yashi da hanya mai santsi. Motocin zamani da yawa suna barin ka shiga 4H kana cikin tafiya, muddin ba ka kai kilomita 100 a awa ba. Tsofaffin ƙira kuma sai ka sauka ka murɗa makullin da ke cibiyar tayoyin gaba da hannu, in ba haka ba farfela za ta yi ta juyi a banza, taya ba ta san ana yi ba.

4L kuwa giyar ƙarfi ce. Tana rage gudun tayoyi kamar sau biyu da rabi, ta ninka ƙarfin juyinsu daidai haka. Ba a shiga ta a guje: ka tsaya cak, ka sa giya a firi ko ka taka kuloci, sannan ka canja. Amfaninta a hawan dutse, da gangara mai tsanani, da fitar da tirela daga wuri mai wuya. Direbobi da yawa suna ƙyashin sa ta, su yi ta ƙona kuloci a 4H har wari ya cika mota, alhali da sun sa 4L da motar ta haye da kanta a hankali.

Me zai faru in na bar ta a 4H a kan kwalta?

Idan mota ta sha kwana, tayoyin gaba sun fi na baya yin doguwar tafiya. A 4H an ɗaure gaba da baya su juya daidai wa daida, saboda haka dole wani ya zame. A kan ƙasa ko yashi taya tana ɗan zamewa ba tare da ka ji ba. A busasshiyar kwalta babu inda za ta zame, sai matsin ya taru a cikin ƙarafa. Za ka ji sitiyari ya yi nauyi, mota tana tsalle a kwana, giyar ta ƙi fita. Idan ka nace, sarƙar ƙaramin giyabos ko haƙoran aksul ne za su biya. In ta ƙi fita, ka ɗan yi ribas a miƙe, sau da yawa matsin yakan saki.

Akwai motocin da wannan bai shafe su ba, waɗanda aka sa wa na'urar daidaita gaba da baya, irin tsarin Super Select na Mitsubishi. Su ana iya tafiya da su a taya huɗu a kan kwalta. Ka tabbatar da irin taka kafin ka kwaikwayi wani.

Kishiyar wannan ma laifi ce. Motar da ta shekara ba a sa mata 4H ba, ranar da aka buƙace ta sai ta ƙi. Toyota tana ba masu motocinta shawarar su yi tafiyar kilomita 16 a taya huɗu kowane wata don mai ya zaga kayan gaba.

Na sa taya huɗu amma biyu kaɗai ke juyawa a banza. Ta lalace ne?

Lafiyarta ƙalau. A tsakiyar kowane aksul akwai difarenshal, wanda ke barin tayar dama da ta hagu su juya da gudu daban-daban a kwana. Aibinsa ɗaya: idan taya guda ta rataye a sama ko ta hau santsi, ita za ta yi ta wulwulawa, ɗayar da ke kan ƙasa mai ƙarfi ta zauna shiru. To idan hakan ya faru a gaba da baya lokaci guda, kamar in kana haye kwazazzabo a karkace, sai ka ga mota mai taya huɗu ta tsaya a wurin da bai kai ya kawo ba.

Maganinsa makullin difarenshal, wanda ke tilasta wa tayoyin aksul ɗaya su juya tare. Ana kunna shi kafin a shiga wurin, a kashe da zarar an fita, kuma tafiyar hawainiya ake yi da shi, domin mota mai kullallen aksul ba ta son shan kwana. Motocin da ba su da shi suna dogara da kwamfuta, wadda ke matse birkin tayar da ke wulwulawa don ƙarfi ya koma ɗaya ɓangaren. Idan ka ji ƙarar gurr-gurr daga ƙasa, aikinta take yi. Kada ka ɗaga ƙafa daga totur, ka riƙe shi daidai.

Wace irin taya ta dace, kuma iska nawa?

A jikin taya za ka ga H/T, ko A/T, ko M/T. Ta farko ta kwalta ce, ta tsakiya ta kowace irin hanya ce. Ta ƙarshe ta laka ce, mai manyan haƙora, tana da ƙara a kan titi, tana ƙara shan mai, kuma ba ta kama jiƙaƙƙiyar kwalta yadda ya kamata. A ganina mutum tara cikin goma A/T ce ta dace da su, ko da yake M/T ta fi cika ido. Idan akwai LT a gaban lambar, gefen tayar ya fi kauri, ya fi jure dutse da kututture. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Taya tana tsufa ko ba a taka ta ba.

Maganar iska ta fi maganar irin tayar muhimmanci, kuma ita ce aka fi sakaci da ita. Iskar kwalta tana rubuce a jikin ƙofar direba. Amma a yashi mai laushi, rage iska zuwa tsakanin psi 15 da 20 a ma'aunin iska yana tsawaita inda taya ke taɓa ƙasa, sai mota ta hau kan yashin maimakon ta tona shi. Babu wani ƙarfe da za ka saya ka ɗaura wa mota da zai yi maka abin da wannan ke yi, kuma kyauta ne. Sharaɗinsa biyu. Kada ka yanki kwana da ƙarfi, taya na iya zarewa daga rim. Kuma kada ka koma kwalta ka yi gudu da ita haka, domin za ta ɗau zafi ta fashe. Saboda haka ma'aunin iska da famfo mai aiki da batirin mota su ne sayayyar farko, kafin fitilu da bamba.

Yashi da laka tuƙinsu ɗaya ne?

A'a. Yashi yana son tafiya mai ɗorewa ba tsayawa, da kwana mai faɗi, kuma ba ya son birki mai ƙarfi, domin taya na tara tudu a gabanta. In za ka tsaya, ka bar motar ta tsaya da kanta, hancinta na kallon gangara. Da safe yashi ya fi ƙarfi saboda sanyi da raɓa.

Laka kuwa ba ta nuna zurfinta. Ka sauka ka soka sanda tukuna. Idan akwai sawun manyan motoci mai zurfi, ka tuna abin da ya fi kusa da ƙasa a motarka shi ne ƙullin difarenshal, tazararsa da ƙasa ba ta cika wuce santimita 22 zuwa 25 ba. Da zarar ya zauna a kan tudun da ke tsakanin sawun, tayoyi sun zama ado.

A duka biyun doka ɗaya ce ba ta canjawa: in taya ta fara juyawa mota ba ta motsi, ka ɗaga ƙafa nan take. Kowane ƙarin totur rami kake haƙa wa kanka. Gwada ribas a kan sawunka kafin komai.

Zan iya haye rafi da ita?

Nan ne aka fi asarar inji, wani lokaci har da rai. Kamfanoni suna faɗin zurfin da mota za ta iya shiga: Hilux ta zamani milimita 700, Ford Ranger milimita 800. Wannan lissafi na ruwa mai kwance ne, ƙasansa mai tauri, ana tafiya a hankali. Rafi bayan ruwan sama ba ya cikin wannan lissafi. Hukumar yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da ya kai santimita 60 yana iya tafiya da yawancin motoci, har da manya irin wannan. Nauyin mota ba ya cetonta, domin da ta fara iyo tayoyinta sun rabu da ƙasa.

Idan ruwan ba ya gudu, ka shiga da ƙafa ka auna shi, ka gano ramuka da inda za ka fita. Wanda ba za ka iya ratsawa da ƙafa ba, mota ma ba ta da hurumi a cikinsa. Ka bar inji ya ɗan huce, ka sauke gilashi, ka sa 4L da giya ta biyu, ka shiga a hankali, ka riƙe gudu guda har ka fita. Kada ka taka kuloci a tsakiya.

Abin tsoro shi ne inji ya shaƙi ruwa. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Idan fiston ya taso ya tarar da ruwa a kansa, sandar da ke tura shi ce ke lanƙwashewa, wani lokaci ta huda jikin injin. Don haka in mota ta mutu a cikin ruwa, kada ka sake murɗa makulli. A jawo ta waje, a buɗe gidan filtar iska a duba. Dogon bututun shaƙar iska da ake ɗaurawa a gefen gilashi yana taimakawa, yana kuma rage shaƙar ƙura, amma bai kare wayoyi da kwamfutar mota ba.

Akwai ɓarnar da ba a gani sai daga baya. Aksul mai zafi in ya shiga ruwan sanyi, iskar cikinsa tana tsukewa, ta zuƙo ruwa ta ƙofar numfashinsa. Bayan ka haye ruwa mai zurfi, ka sa a duba man aksul. In ya koma kamar madara, a canja shi kafin haƙora su ci juna. Ka kuma taka birki sau da yawa bayan fitowa don ya bushe.

Tudu fa?

A miƙe ake hawa, a miƙe ake sauka. Ratsa tudu a karkace shi ke kifar da doguwar mota. Wajen sauka ka sa 4L da giya ta ɗaya, inji ya riƙe motar, ƙafarka ta yi nesa da kuloci. Idan hawa ya gagara a tsakiya, kada ka yi yunƙurin juyawa, kada kuma ka gangaro a firi: ka riƙe birki, ka sa ribas, ka sauko a kan sawunka. Manyan yatsunka su kasance a wajen da'irar sitiyari, domin in taya ta bugi dutse sitiyarin na iya fizgewa ya targaɗa su.

Ta kafe. Yaya za a fitar da ita ba tare da an ji wa kowa ba?

Fara da abin da ba ya kisa: shebur. Ka kwashe ƙasar da ke gaban tayoyi da wadda cikin motar ya zauna a kai, ka ƙara rage iska, ka shimfiɗa allunan da taya za ta taka ta fita, ko rassa. Rabin kafewa a nan take ƙarewa.

In sai an ja, inda za a ɗaura igiya shi ne batu. Dunƙulen ƙarfen da ake rataya tirela a kai ba na fizga ba ne. Igiyar ja ta roba tana miƙewa ta tara ƙarfi mai yawa, kuma in dunƙulen ya karye yakan tashi da gudu ya fasa gilashin motar da ke ja. An rasa rayuka ta haka a ƙasashe da dama. Ƙananan zoben da ke ƙarƙashin wasu motoci su ma na ɗaure mota ne a kan jirgi ko tirela. A yi amfani da wurin ja da aka ƙera don haka, wanda ke manne da shasi. Kada a haɗa igiya biyu da ƙarfe, kada a fizga da sarƙa, kuma 'yan kallo su ja baya fiye da tsawon igiyar. Su ne suka fi wuyar sha'ani, kowa na son ya ba da umarni. A bar mutum ɗaya ya yi magana.

Mai son sa injin jan waya a gaban mota, ƙa'idar da aka saba ita ce ƙarfinsa ya kai ninki ɗaya da rabi na nauyin motar da lodinta.

Lodi nawa take ɗauka?

Matsakaitan irin su Hilux da D-Max da Navara kusan tan ɗaya, amma a cikin tan ɗin har da kai, da fasinjojinka, da bambar ƙarfe da duk abin da ka ƙara mata. Yawancinsu an rubuta suna jan tirela mai birki ta kilo 3,500. Sai dai ba a cika samun duka biyun a lokaci guda ba, domin akwai iyakar nauyin mota da tirela a haɗe, kuma nauyin da tirela ke dannawa a bayan mota, wajen kashi 10 cikin 100 na nauyinta, daga lodinka ake cire shi.

Inda aka ajiye kayan ma abin lura ne. Mai nauyi ya matso jikin gidan direba, a kan aksul ko gabansa. A mota mai ƙofa huɗu yawancin bodin kaya yana bayan aksul ne, kuma lodi mai nauyi a can ƙarshe, in ya haɗu da gudu a gargada, yana lanƙwasa shasi. Ƙara ganyen sifirin yana hana baya zama, amma bai ƙara wa shasi ko birki ƙarfi ba. Bodin kaya kuma ba wurin zaman mutane ba ne. Babu bel, babu rufi.

In ɗaga ta in sa manyan tayoyi?

Ɗagawa kaɗan, kamar santimita 5, da shokazoba masu kyau, ba laifi. Fiye da haka kana sayen matsala: mota ta fi saurin kifewa, gaɓoɓin aksul na gaba suna aiki a karkace suna saurin ci. Kuma ɗaga sifirin ba ya ɗaga difarenshal na baya ko kaɗan, taya ce kaɗai ke yin haka. Babbar taya ita ma tana rage ƙarfin tashi, ta tsawaita birki, ta sa agogon gudu ya riƙa nuna ƙasa da gaskiya. Ƙasashe da yawa suna da doka a kan wannan, kamfanin inshora ma yana iya ƙin biya in ba a sanar da shi ba.

Dizal ko fetur? Manuwal ko otomatik?

Dizal ya fi ƙarfin ja a ƙaramin juyi, ya fi tsimin mai. Amma injin dizal na zamani yana fesa mai da matsin da ke kai 2,000 a ma'aunin matsi na bar, kuma ɗigon ruwa ko datti a cikin man ya isa ya kashe nozul. In fitilar filtar mai ta kama, a tsaya a tace ruwan, ba gobe ba. Otomatik ta fi sauƙi a yashi saboda ba ta yanke ƙarfi wajen canja giya. Manuwal ta fi riƙe mota a gangara, ta fi sauƙin gyara a nesa da gari.

Wace ƙira ce ta fi?

Sunan da Toyota ta yi ba a banza ba ne. Hilux tana kasuwa tun 1968, Land Cruiser jerin 70 tun 1984. A 1987 sojojin Chadi sun fatattaki na Libiya a arewacin ƙasarsu da waɗannan motoci, har aka riƙa kiran faɗan Yaƙin Toyota. Nasser Al-Attiyah na Katar ya ci tseren Dakar da Hilux a 2019 da 2022 da 2023, ko da yake motar tsere sunan da siffar kawai ta haɗa da ta kasuwa. Duk da haka Isuzu da Mitsubishi da Ford da Nissan duk suna yin motocin da za su kai ka inda Hilux za ta kai ka. Ni abin da zan tambaya shi ne: wacce ce makanikin da ke kusa da kai ya sani, kuma wacce ce ake samun kayanta a inda kake yawo?

Ta fi ƙaramar mota tsaro a kan titi?

Taya huɗu na taimaka wa tashi ne, ba tsayawa ba. Kowace mota da taya huɗu take birki. Wannan ta fi nauyi, ta fi tsayi, kuma in babu kaya bayanta ba shi da nauyi, yana saurin zamewa a kwana idan an yi ruwa. A ba da tazara fiye da yadda aka saba.

Me zan duba bayan na dawo daga daji, ko in zan sayi ta hannu?

Wurin dubawa ɗaya ne: ƙarƙashi. A wanke laka daga cikin shasi da bayan tayoyi, domin tana riƙe danshi ta haifi tsatsa. A cire busasshiyar ciyawa da ta maƙale kusa da salansa, ita ke tayar da gobara. A buga giris a gaɓoɓin farfela, a duba robobin aksul ko sun yage, a duba lagireto ko laka ta toshe shi. Filtar iska kuma a wurin ƙura ba ta jiran lokacin da littafi ya yanka.

Mai sayen ta hannu ya shiga ƙarƙashinta da tocila. Sabon baƙin fenti a kan shasi abin tambaya ne. Ya ɗaga shimfiɗar ƙafa ya nemi yashi ko alamar ruwa, ya kalli tazarar da ke tsakanin gidan direba da bodin kaya: in ta fi faɗi a sama fiye da ƙasa, shasi ya lanƙwashe. Sannan ya kai ta kan ƙasa ya gwada 4H da 4L da makullin difarenshal ɗaya bayan ɗaya, ya ga kowanne ya shiga ya kuma fita, fitilarsa ta tsaya ba ta ƙyafta ba.